Yadda Ake Lissafin Nisa da Tsawon Tafiya Tsakanin Filayen Jirgin Sama Biyu

Jirgin da ya tashi daga Landan zuwa New York yakan ci kusan awa 8 a jadawali. Idan ya juyo gida, a kan hanyar nan dai, da injin nan dai, awa 7 ta ishe shi, wani lokaci ma ba ta cika ba. Biranen biyu ba su matsa ko taku ɗaya ba. To ina awa gudar nan ta shiga?

Amsar ita ce nisa abu ɗaya ne tak, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, amma lokaci hawa-hawa ake gina shi. Akwai na gudun jirgi, akwai na iska, akwai na jira a ƙasa, akwai na agogon da ke sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Wanda ya cakuɗa su shi ne zai sa ɗan'uwansa ya yi zaman awa uku a bakin ƙofar fitowa, ko shi kansa ya iso ya tarar jirgi na biyu ya ɗaga. Abin da za ka buƙata bai taka kara ya karya ba: takarda, biro, da kalkuletar da ke cikin wayarka.

Mataki na 1: Tabbatar da filin, ba sunan gari ba

Ba daga gari zuwa gari ake aunawa ba, daga fili zuwa fili ne. Landan kaɗai tana da Heathrow, Gatwick, Stansted, Luton, London City da Southend. New York na da JFK, Newark da LaGuardia. Tokyo na da Narita da Haneda, Faris kuma na da Charles de Gaulle da Orly. A tsawon tafiyar sama bambancin bai kai a yi magana ba, amma a ƙasa yana iya cinye maka awa guda ko fiye.

Kowane fili yana da laƙabi mai harafi uku da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ba shi, shi ne kuma ake bugawa a tikiti da kan takardar da ake liƙa wa jaka. Heathrow LHR ne, filin Dubai DXB, na Alkahira CAI, na Singafo SIN. Matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage suna da nasu mai harafi huɗu na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Heathrow ke zama EGLL, JFK kuma KJFK. Kai dai mai harafi ukun ya wadace ka.

Kada ka raina wannan matakin. Akwai Sydney ta Ostireliya, SYD, akwai kuma Sydney ta Kanada, YQY, an kuma sha samun matafiya da suka sauka a wadda ba ita suka nufa ba. Haka Birmingham ta Ingila, BHX, da ta jihar Alabama a Amurka, BHM. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma teku guda ke tsakani.

Mataki na 2: Fitar da nisan

A nan ne taswirar bango ke yaudarar mutane. Duniya dunƙule take kamar ƙwallo, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma ba yadda za a baje ƙwallo a kan takarda ba tare da an ja wani gefe ba. Taswirar da aka fi sabawa da ita, wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569, tana kumbura duk abin da ya kusanci ƙuryar arewa ko ta kudu. Shi ya sa tsibirin Girinlan ke fitowa kamar ta yi kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Idan ka ɗora rula a irin wannan taswira ka ja layi daga Landan zuwa New York, layin da ka ja ba shi ne mafi gajarta ba.

In kana da ƙwallon taswirar duniya, irin wanda ake ajiyewa a ajin labarin ƙasa, gwada wannan. Samo zare, danne bakinsa da babban yatsa a kan Landan, ja ɗaya bakin zuwa New York, ka ɗaure shi tamau har ya daina sagwangwami. Za ka ga zaren bai bi ta tsakiyar Atlantika yadda kake zato ba. Ya haura arewa, ya ratsa Ayalan, ya gangaro ta gabashin Kanada, sannan ya sauka New York ta arewa maso gabas. Wannan ita ce hanyar babban da'ira, mafi gajartar hanya tsakanin wurare biyu a bayan ƙwallo, kuma ita ce nisan da shafukan intanet ke ba ka. Shi ya sa a allon da ke bayan kujera za ka ga jirgi kamar ya yi baka, alhali shi ne a miƙe.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta laƙabin filayen biyu a shafin Great Circle Mapper, ko ka yi amfani da ma'aunin nisa na Google Earth. Amma yana da kyau mutum ya iya da hannunsa, ko don ya gane in an ba shi lambar banza.

Nemo matsayin kowane fili, wato latitud, wanda ke nuna nisansa arewa ko kudu da layin ikwaita da ya zagaye ƙugun duniya, da longitud, wanda ke nuna nisansa gabas ko yamma da layin Greenwich, wanda ya ratsa Landan daga arewa zuwa kudu. Heathrow na kan digiri 51.47 arewa, 0.45 yamma. JFK na kan 40.64 arewa, 73.78 yamma. Juya wayarka a kwance don kalkuleta ta fito da maɓallan sin da cos, ka kuma tabbatar tana kan digiri, ba radiyan ba. Wannan ƙaramin abu shi ke lalata lissafin yawancin masu koyo.

Da farko ɗauki sin na latitud ɗin fili na farko ka ninka da sin na na biyu: 0.7823 sau 0.6513, ya ba da 0.5095. Ajiye wannan a gefe. Sai ka fitar da tazarar longitud ɗinsu: 73.78 a cire 0.45, saura 73.33. Yanzu ninka abu uku: cos na latitud na farko, 0.6229, da cos na na biyu, 0.7588, da cos na tazarar nan, 0.2869. Za ka samu 0.1356. Haɗa shi da wanda ka ajiye, ya zama 0.6451. Danna maɓallin da ke mayar da cos baya, wanda ake rubuta wa cos da ƙaramin -1 a kansa, zai ba ka digiri 49.83.

Wannan ita ce kusurwar da ke tsakanin filayen biyu idan an auna daga cibiyar duniya. Kowane digiri ɗaya a bayan ƙasa kimanin kilomita 111.2 ne, domin daga cibiyar duniya zuwa doronta kilomita 6,371 ne a matsakaici. Ninka 49.83 da 111.2, ka samu kimanin kilomita 5,540. Idan ka duba intanet ka ga 5,555, kada ka ce ka yi kuskure. Duniya ba ƙwallo ce cif-cif ba, ta ɗan baje a ƙugu, su kuma sun saka wannan a lissafinsu. Kilomita 15 a wajen jirgi minti ɗaya ne.

Abu biyu za ka kiyaye. Idan fili yana kudu da ikwaita, sa wa latitud ɗinsa alamar ragi. Idan kuma ɗaya na gabas ɗaya na yamma da Greenwich, haɗa longitud ɗinsu za ka yi, ba cirewa ba. Filin Alkahira na kan 30.12 arewa, 31.41 gabas, na Johannesburg kuma na kan 26.14 kudu, 28.25 gabas. Idan ka bi matakan nan da ragin a wurinsa, za ka samu kimanin kilomita 6,265. Idan ka manta ragin, kalkuleta za ta ce maka ba su kai kilomita 600 ba, kamar Johannesburg na cikin Masar.

Sai batun ma'auni, don shafuka ba su yi ittifaƙi a kai ba. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne. Mil na teku, wanda matuƙa ke aiki da shi, kilomita 1.852 ne. Landan zuwa New York mil 3,450 ne na ƙasa, amma kusan 3,000 na teku. Duba harafin da ke gaban lambar kafin ka kwafa.

Mataki na 3: Ƙara kwane-kwanen hanya

Ba jirgin da ke bin zaren nan sak. Sama ma tana da hanyoyinta da mahaɗunta, jirage kuma na bin su bisa umarnin masu kula da zirga-zirga. Wajen tashi, iska ce ke zaɓar wa jirgi inda zai fuskanta, don haka yana iya tashi ya ba wa inda za shi baya, sai ya yi sama sannan ya karkato. Matuƙi yakan kauce wa hadari mai tsawa. A arewacin Atlantika kuwa, kullum sai an zana sababbin hanyoyi gwargwadon inda iska ta kwana. Jirage masu inji biyu suna ƙarƙashin ƙa'idar ETOPS, wadda ta iyakance nisan da za su yi daga filin da za su iya sauka in inji ɗaya ya mutu, kamar minti 120 ko 180, gwargwadon izinin da aka ba jirgin.

A tafiya ta yau da kullum, ƙara kashi 5 cikin 100 a kan nisan ya isa. Kilomita 5,540 sai ta zama kimanin 5,800. A gajeriyar tafiya ƙara kashi 10.

Inda wannan ƙiyasi ke rushewa gaba ɗaya shi ne inda aka rufe sararin samaniya. Tun 2022 yawancin jiragen kamfanonin Turai ba sa ratsa sararin Rasha. Tafiyar jirgin kamfanin Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo, wadda a da ba ta kai awa 10 ba, ta koma kusan awa 13. Saboda haka dubi ƙasashen da zarenka ya ratsa. In akwai yaƙi ko takunkumi a hanyar, ajiye lissafinka ka je kai tsaye mataki na 7.

Mataki na 4: Raba nisan da gudun jirgin

Manyan jirage masu cin dogon zango, irin Boeing 777 da 787 da Airbus A350, sukan yi kusan kilomita 900 a awa idan sun daidaita a sama, tsakanin ƙafa 30,000 zuwa 42,000. Matsakaita, irin Boeing 737 da Airbus A320, wajen kilomita 830. Masu farfela, irin ATR 72, wajen 500. Irin jirgin na rubuce a bayanan tikiti, mutane ne dai ba sa dubawa.

Ni nakan yi aiki da 880 ga manya, 800 ga matsakaita, 450 ga masu farfela, don in ba da sarari. Raba 5,800 da 880, ka samu 6.6. Hattara a nan: 6.6 ba awa 6 da minti 6 ba ce. Ɗauki 0.6 ɗin ka ninka da 60, minti 36 ke nan. Awa 6 da minti 36.

Bayan haka ƙara minti 30 zuwa 45. Dalili kuwa, lokacin da ke kan tikiti ba daga ɗagawa zuwa dira ake ƙirga shi ba. Yana farawa ne daga sa'ar da aka ture jirgi baya daga ƙofar shiga, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cak a ƙofar ɗaya filin. Tafiyar hawainiyar da yake yi zuwa titin tashi na ciki, layin jiran izini na ciki. A filin Schiphol na Amsterdam akwai titin da ake kira Polderbaan, wanda jirgi kan yi minti 15 ko fiye yana gangarawa a ƙasa tsakaninsa da ginin fasinja. Sannan wajen hawa da sauka jirgi ba ya cikakken gudunsa. A ƙasashe da yawa doka ta hana shi wuce kimanin kilomita 460 a awa muddin yana ƙasa da ƙafa 10,000. Idan filin mai cunkoso ne, kamar Heathrow da safe, ana iya sa shi ya yi ta kewaye a sama kafin layi ya zo kansa.

Wannan ƙarin shi ya sa gajeriyar tafiya ke ba mutane mamaki. Daga Heathrow zuwa Charles de Gaulle kilomita 350 ne kacal. Da cikakken gudu minti 26 ne. Amma jadawali na ba ta kusan awa 1 da minti 20, domin jirgin bai gama hawa ba ake ce masa ya fara sauka, sauran kuma duk a ƙasa yake tafiya. Ga tafiyar da ba ta kai kilomita 600 ba, ƙara minti 45 zuwa 50 kai tsaye. A doguwar tafiya kuwa ƙarin nan ɓacewa yake. Tsakanin Singafo da JFK, kimanin kilomita 15,350, jirgin Singapore Airlines kan yi sama da awa 18 ba tsayawa, minti 40 a nan ba a ma jin su.

Mataki na 5: Iska, wadda ta sace awar nan

A tsayin da jirage ke tafiya akwai wasu kogunan iska masu gudu daga yamma zuwa gabas. Bambancin zafi tsakanin yankin ikwaita da ƙuryoyin duniya masu ƙanƙara ne ke haifar da su, juyawar duniya kuma ta karkatar da su gabas. Gudunsu kan kai kilomita 150 zuwa 300 a awa a tsakiyarsu, sun kuma fi ƙarfi a lokacin hunturu, sa'ad da bambancin zafin ya fi tsanani.

Jirgi cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a kogi. Gudunsa a cikin iskar ba ya sauyawa, amma gudunsa a kan ƙasa ya danganta da inda iskar ta nufa. Mai zuwa gabas iska na tura shi, matuƙa ma da gangan suke neman tsakiyarta su shiga. Mai zuwa yamma kuwa ƙirji yake ba ta, don haka yakan kauce mata ko da hanyar za ta ƙara tsawo.

Mu ɗauka matsakaicin iskar a tsawon tafiyar kilomita 80 ne a awa. Zuwa New York, cire 80 daga 880, saura 800. Raba 5,800 da 800, awa 7 da minti 15. Ƙara minti 45, awa 8 daidai. Dawowa Landan, haɗa 80 da 880, ya zama 960. Raba 5,800 da shi, awa 6 da 'yan mintuna. Ƙara 45, ka kusa awa 7. Ka ga lissafin takarda ya zo daidai da abin da kamfanoni ke bugawa.

Ran da iskar ta haukace, abin ya wuce haka. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga JFK ya dira Heathrow cikin awa 4 da minti 56. Jirgin Concorde, mai gudun da ya ninka na sauti, ya taɓa yin wannan hanya cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59 a Fabrairun 1996, amma shi tun 2003 aka yi masa ritaya.

Na sha jin ana cewa ai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgi, shi ya sa zuwa da dawowa ba sa zama ɗaya. Ba haka ba ne. Iskar da ta lulluɓe duniya tare da ita take juyawa, jirgin kuma a cikin iskar yake. Da maganar gaskiya ce, mai zuwa yamma ne zai riga isa, tunda duniya gabas take juyawa, ga shi kuwa shi ne ke daɗewa.

Idan tafiyarka daga arewa zuwa kudu ce, tsallake wannan mataki. Alkahira zuwa Johannesburg, da zuwa da dawowa duk wajen awa 8 ne.

Mataki na 6: Agogo

Nan ne aka fi yin asara, kuma ba lissafi mai wuya ba ne, gaggawa ce kawai. Duk lokacin da ke kan tikiti na garin da abin ke faruwa ne: lokacin tashi agogon inda ka tashi, lokacin sauka agogon inda ka sauka. Ba a cire ɗaya daga ɗaya haka nan.

Mayar da su duka zuwa agogon duniya na bai-ɗaya, UTC, wanda shi matuƙa ke amfani da shi. A ce tikiti ya nuna tashi daga Dubai 07:45, sauka Landan 11:25, a watan Janairu. Da ido, awa 3 da minti 40. Amma Dubai na gaban UTC da awa 4, don haka 07:45 ɗinta 03:45 ce. Landan a hunturu daidai take da UTC. Daga 03:45 zuwa 11:25, awa 7 da minti 40. Wajen dawowa, a ce tashi 14:00, sauka 01:00 da ƙaramin +1 a gefe. Wannan +1 na nufin washegari. Da ido awa 11, amma 01:00 ta Dubai 21:00 ce a UTC, tafiyar awa 7 ce.

Wasu ƙasashe na matsar da agogonsu gaba da awa ɗaya a lokacin zafi. Turai na yi ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka na yi Lahadi ta biyu ta Maris, ta mayar Lahadin farko ta Nuwamba. Ke nan akwai makonni biyu zuwa uku a Maris, da mako ɗaya a ƙarshen Oktoba, da tazarar Landan da New York ke zama awa 4 maimakon 5. Dubai da Japan ba sa taɓa agogonsu. Ba kuma kowace tazara ce cikakkiyar awa ba: Indiya na gaban UTC da awa 5 da rabi, Nepal da awa 5 da minti 45. Nemi tazarar ta ranar tafiyarka, ba ta ranar da kake lissafi ba.

Mai tsallake Tekun Fasifik zai gamu da layin sauya kwanan wata. Ka tashi daga Tokyo ƙarfe 5 na yammacin Litinin a hunturu, wato 08:00 a UTC, ka yi awa 10 a sama, ka sauka Los Angeles 18:00 a UTC. Los Angeles na bayan UTC da awa 8, don haka agogonsu na nuna ƙarfe 10 na safiyar Litinin ɗin nan. Ka sauka kafin ka tashi ke nan. Wajen komawa za a karɓe ranar da aka ara maka.

Sai jirgin tsakar dare. Na taɓa tsayawa a layi bayan wani dattijo da ya miƙa fasfonsa da takardarsa a ninke huɗu. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, sannan ta juyo da takardar ta ɗora farcenta a kan 00:30, ranar Alhamis. Shi ya zo ne daren Alhamis, wajen ƙarfe 10, da jakunkunansa uku a ɗaure da igiya. Jirginsa ya tashi tun kusan awa 22 da suka wuce. Ya daɗe yana kallon lambar nan bai ce uffan ba. Duk jirgin da zai tashi tsakanin 00:00 da asuba, daren jajiberin ranar da aka rubuta ake zuwa fili. In an ce 00:30 Alhamis, daren Laraba za ka bar gida.

Mataki na 7: Gwada lissafinka da abin da ya faru jiya

Rubuta lambar jirgin, wato haruffa biyu na kamfani da lambobin da ke biye, a shafin Flightradar24 ko na FlightAware. Za su nuna maka tafiye-tafiyensa na kwanakin baya: sa'ar da ya tashi, sa'ar da ya sauka, da ainihin hanyar da ya bi a taswira. Kwana bakwai sun isa ka gane halinsa. A wurina wannan ya fi jadawalin kamfani gaskiya, domin kamfanoni kan ɗan ƙara mintuna a jadawali don a riƙa cewa sun iso a kan kari, kuma a al'adar harkar duk jirgin da bai makara da minti 15 ba ana lissafa shi cikin masu cika alƙawari. Jirgin sassafe ya fi tashi a kan lokaci. Na yamma yakan gaji jinkirin duk zangon da jirgin ya yi tun safe.

Idan akwai yada zango

Yi wa kowane zango lissafinsa daban, sannan ka haɗa da zaman jira. Landan zuwa Singafo kai tsaye kimanin kilomita 10,880 ne, awa 13 da ɗoriya. Ta Dubai kuwa, 5,500 da 5,850, jimla 11,350. Ƙarin bai kai kilomita 500 ba, amma tafiyar kan kai awa 17, domin sau biyu za a hau, sau biyu za a sauka, ga zaman jira a tsakani.

Lura da kalmomin da ke kan shafin sayar da tikiti. Inda aka rubuta non-stop, jirgin ba zai sauka ko'ina ba. Inda aka rubuta direct, lambar jirgin ce kawai ba za ta sauya ba, yana iya sauka a hanya ya sha mai ko ya ɗebi fasinja.

In tikiti ɗaya ne ya haɗa zangon biyu, kamfanin ya riga ya kiyaye mafi ƙarancin lokacin sauya jirgi na wannan filin, kuma in jirgin farko ya makara, nauyin sama maka wani na kansa. Duk da haka ni ba na son abin da ya gaza awa 2 a babban fili. In kuwa kai ka sayi tikiti biyu daban-daban, ba ruwan kamfani na biyu da makararka, kuma sai ka ɗauki kayanka ka sake auna su, don haka kada ka yarda da ƙasa da awa 4. A Amurka, galibi a filin farko da ka sauka za ka bi layin jami'an shige da fice, ka ɗauki jakarka ka sake miƙa ta, ko da wucewa kawai za ka yi. Sannan koma mataki na 1 ka duba laƙabin: in ka sauka LHR amma jirgi na biyu daga LGW, wato Gatwick, zai tashi, akwai tafiyar mota ta awa guda ko fiye tsakaninsu, wataƙila har da buƙatar biza.

Daga ƙofa zuwa ƙofa

Lambar ƙarshe, wadda ita ce za ta yi maka amfani, ita ce daga barin gida zuwa isa masauki. Haɗa tafiyar zuwa fili, da awa 3 kafin tashi in ƙetare za ka, ko awa 2 in cikin ƙasa ne, tunda galibi ana rufe karɓar kaya awa guda kafin jirgin ƙetare ya tashi, ƙofar shiga kuma minti 15 zuwa 20. Sa tsawon tafiyar da ka fitar. Sa minti 45 zuwa awa 1 da rabi na duba fasfo, jiran jaka da kwastan. Sa tafiyar zuwa masauki. Da wannan za ka ga awa 8 ta Landan zuwa New York ta zama 13 ko 14. Za ka kuma gane dalilin da ya sa mutane da yawa ke barin jirgin sama na awa 1 da minti 20 zuwa Faris su hau jirgin ƙasa na Eurostar, mai cin kimanin awa 2 da minti 20 daga tsakiyar birni zuwa tsakiyar birni.

Shi kuwa wanda zai zo tarbarka, kada ka aika masa da lokacin saukar kawai. Tura masa lambar jirgin, da laƙabin filin, da lambar ginin da za ka fito, da kwanan watan sauka bisa agogon garinsu. Ka ce ya duba lambar a wayarsa kafin ya bar gida, ya kuma ƙara awa guda a kan lokacin da ya gani.